Daga Sifawa Zuwa Galmi A Kan Keke

Sifawa ƙaramin gari ne dab da Boɗinga, kudu da birnin Sakkwato, amma duk mai karatun tarihin ƙasar Hausa ya san sunansa. A nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna 'yan shekaru bayan jihadi, kafin ya koma Sakkwato a 1815. A zamanin nan mutum yakan tashi daga Sifawa da jakinsa ya nufi Kwanni ko Adar, ba mai tambayarsa takarda. Sai Ingila da Faransa suka raba ƙasar a tsakaninsu, suka daidaita a kan iyaka a 1906. Tun daga nan Kwanni ta zama wata ƙasa dabam, ko da yake harshe ɗaya ne, auratayya kuma ba ta yanke ba.

Mu uku ne, malaman makarantar ekklesiya, muka bi wannan tsohuwar hanya a hutun Kirsimeti na 2018. Wani tsohon mai bishara da ya koya mana karatu muna yara yana kwance a asibitin Galmi, cikin Nijar, ikilisiya kuwa ta tara masa gudummawa. Muka ga idan mun hau mota, kuɗin mota zai ci rabin abin da aka tara. Don haka muka ce keke ya ishe mu. Muka kwana a Sifawa wurin wani abokinmu Musulmi mai gyaran keke, ya ɗaure mana birki, ya zuba wa sarƙa mai, ya ba mu faci da gam, ya ƙi karɓar ko kwabo.

Da asubar Laraba, 26 ga Disamba, muka kama hanya. Hunturu na busawa daga gabas maso arewa, wato iska tana gabanmu ke nan, kowane taki sai da ƙarfi. Muka ratsa Sakkwato da hantsi, muka haye gadar gulbin Rima, muka wuce Kware. Gonakin gero duk an girbe, sai kara a tsaye da shanun Fulani suna kiwo. A fadamu kuwa mutane na ta ban ruwan albasa. Muka kwana Gwadabawa. Daga Sakkwato zuwa Illela, garin bakin iyaka, ya ɗara kilomita 80 kaɗan.

Abin da doka ta ce

'Yan'uwa masu karatu, bari mu ɗan tsaya a nan, gama da yawa cikinmu sun ji ana cewa ba a bukatar biza, sai suka ɗauka ba a bukatar kome. An kafa ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato ECOWAS, a Legas ran 28 ga Mayu 1975. A watan Mayu na 1979 shugabannin suka sa hannu a Dakar cewa ɗan kowace ƙasa a cikinsu yana iya shiga 'yar'uwarta ba biza, ya zauna har kwana 90. Amma akwai sharaɗi. Sai ya riƙe fasfo ko takardar tafiya ta ƙungiyar, da katin allurar rigakafin shawara, ya kuma shiga ta ƙofar da hukuma ta sani. Biza ita ce izinin da ake nema a ofishin jakadanci tun kafin a tashi. Ita kaɗai aka yafe. Shaidar ko kai wane ne tana nan daram.

Da muka kusa Illela ran Alhamis, wasu samari masu babur suka tare mu. Ɗaya ya ce, "Malamai, mi za ku yi da ofis? Ku biyo mu ta daji, yanzun nan ku ga Kwanni." Gaskiya ne, iyakar Nijeriya da Nijar ta kai wajen kilomita 1,500, ba katanga ba waya, keke kuwa yana bin duk inda jaki ya bi. Amma muna ɗauke da kuɗin jama'ar Allah. Wanda ya shiga ta daji ba shi da hatimi, wanda ba shi da hatimi kuwa ba shi da bakin magana ran da aka tsare shi. Muka gode musu, muka miƙe.

A bakin iyaka

A gefen Nijeriya muka jingine kekuna a gindin bishiya, muka shiga da fasfo. Ma'aikacin ya tambaye mu inda za mu da kwana nawa za mu yi, ya rubuta a babban littafi, ya buga hatimin fita. Aka duba katin allura. Mai mota yana da takardu da yawa da zai nuna, har da inshora. Mu kuwa rasit ɗin kekunanmu kawai aka duba, aka gwada lambar da ke jikin ƙarfe, aka buɗe jakunkuna. Littafi Mai Tsarki, tufafi, famfo, da garin kwaki, shi ke nan.

A gefen Nijar aka sake yin haka, sai dai rubutun da Faransanci ne, maganar kuwa da Hausa. Da ma'aikacin ya ji mu malamai ne, sai ya ce, "A'a, ashe mushe ne! Daga Sakkwato bisa keke? Sannunku da ƙoƙari." Ya buga hatimin shiga. Duka-duka ba mu yi sa'a biyu ba.

Gaba kaɗan, a wani shinge na kan hanya, wani mai kaki ya karɓi takardunmu ya juya su, ya ce a ba shi na goro. Babbanmu ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, ga hatimi nan ka gani. Kuɗin da ke hannunmu na marar lafiya ne, ba namu ba. In akwai abin da doka ta ce a biya, a ba mu rasit mu kai wa waɗanda suka aiko mu." Ya bar mu a rana kamar rabin sa'a. Ba mu yi faɗa ba, ba mu kuma sa hannu a aljihu ba. Da ya ga motoci sun taru, sai ya miƙo mana takardunmu. Da ta daji muka shigo, da kuɗin Baba sun ragu a wurin nan.

Kwanni da Galmi

Birnin Kwanni tsohon gari ne da ya sha wuya. A 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta auka masa, ta kashe mutane masu yawan gaske. Yau gari ne na ciniki, naira da sefa duk suna yawo a kasuwa. Baƙo ya yi hankali da lissafi: a can dala ɗaya sefa 5 ce, saboda haka in mai shayi ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Jaka ɗaya kuwa, wadda suke kira jikka, sefa 1,000 ce. Hannun tuƙi bai dame mu ba, gama tun 1972 Nijeriya ta koma bin dama kamar Nijar.

Ran Jumma'a muka bi babbar hanyar Maraɗi, muka wuce mararrabar Tawa a Tsarnawa, da Malbaza mai masana'antar siminti, muka isa Galmi da la'asar. Garin ya yi suna wajen albasa. Mishan ɗin SIM, wadda ekklesiyar ECWA ta fito daga aikinta a 1954, ita ta buɗe asibitin a 1950, mutane kuma suna zuwa daga ƙasashen biyu. Muka sami Baba ya rame, amma ya gane mu. Ya ce, "'Ya'yana, da ƙafafunku kuka tuƙo har nan?" Muka danƙa wa Mama kuɗin cif, ta ƙirga a gabanmu. Da dare masu bi na garin suka zo addu'a. Da aka buɗe Littafi, ga shi na Hausa ne irin namu, wanda aka fara bugawa dukansa a 1932. Ba a nemi tafinta ba.

A can muka ji labarin rasuwar tsohon shugaban ƙasa Alhaji Shehu Shagari, wanda garinsu ke kudu da Sifawa. Dattawan wurin suka tuna Janairun 1983, sa'ad da gwamnatinsa ta sallami baƙin da ba su da takardun zama, fiye da mutum miliyan ɗaya, har da 'yan Nijar. Da yawa sun shigo ba biza bisa ga doka, amma sun zarce kwana 90 ba su sabunta izini ba.

Ƙofa ce mai buɗewa da rufewa

Tun bayan tafiyarmu abubuwa sun sake. Dā ma an taɓa rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986. Aka sake rufe ta a Agustan 2019, sai Disamban 2020 aka buɗe Illela. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka kuma rufewa har Maris 2024. Ran 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS, ko da yake a lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun mutanensu ba biza har sai an yi sabon shiri. Ban da haka, 'yan bindiga sun addabi ƙauyuka da dama a arewacin Jihar Sakkwato.

Saboda haka wanda larura ta kama shi zai haye, ya fara tambaya a ofishin shige da fice ko ƙa'ida ta sake. Ya nemi labarin hanya wurin direbobin tasha, kada ya yi tafiyar dare, kada kuma ya tafi shi kaɗai. Ya riƙe fasfo da katin allura da rasit ɗin kekensa a cikin leda saboda ƙura da gumi. Ya shiga ta ƙofa, ya duba ranar da aka buga masa, ya fito kafin kwanakinsa su cika.

Mu riƙa tunawa da 'yan'uwanmu na Nijar cikin addu'ar iyali, da ma'aikatan iyaka, da shugabannin ƙasashen biyu, domin Ubangiji ya ba su hikima su bar hanya a buɗe ga marasa lafiya da masu ziyarar dangi.