Makauniyar da Ke Bayan Waƙoƙin Mama

A shekarun 1980, kafin gobarar 2002 ta cinye babbar kasuwar Terminus ta Jos, can muke sayen kaset na waƙoƙin coci. Mama tana da guda na matan zumunta da ya sha juyi har muryoyin suka fara karkarwa. In zaren ya sarƙe a rikoda, ni ake ƙwala wa kira: "Kai, kawo biro!" Da asubar sanyin Jos, ana hura gawayi, tulu na gunji a kaset, ita kuma tana bi da ka. Ba ta taɓa buɗe Littafin Waƙoƙi ba, don ba ta yi boko ba.

Wasu daga cikin waƙoƙin nan da ’yan mishan suka mayar Hausa, Fanny Crosby ce ta tsara su, ’yar Amurka, haifaffiyar 1820. Tana da mako shida a duniya ta makance. Ta yi karatu a makarantar makafi ta New York, ta koyar a can, ta auri wani makaho makaɗi a 1858. Kafin rasuwarta a 1915 ta bar waƙoƙin ibada sama da 8,000, har masu buga littafi suka riƙa sa mata sunayen aro wajen 200, kada a ce mutum ɗaya ya cika littafi.

A ka take ginin waƙa, ta gyara, ta adana, sai an samu mai rubutu ta zayyana masa. Karin kuwa yawanci na wasu ne, irin su William Doane. A 1873 ƙawarta Phoebe Knapp ta kaɗa mata wani kari a fiyano, nan take ta ɗora masa kalmomin "Blessed Assurance".

A ganina shi ya sa waƙoƙinta suka zauna a bakin iyayenmu mata. Abin da aka ƙera da kunne, kunne ke ɗauka: layi gajere, amshi mai dawowa, ba sai da takarda ba. Masana kiɗan Turai sun raina su, wai sun cika sauƙi. To, su je su rera nasu da goyo a baya.

Matan namu ma ba su bar su yadda suka zo ba. Sun ƙara musu sauri, sun sa tulu da caki, wani lokaci har da guɗa, abin da ba a rubuta a littafin kowa ba.