Mu Leƙa Lugu, Garin Sarauniya

Jama'ar Sukukutane, kowa ya san sunan Lugu, amma ba kowa ya taka ƙafa can ba. Garin yana gabas da mu, cikin gundumar Dankasari, arewa maso gabas da Dogon Dutsi. Ƙaramin ƙauye ne a gindin duwatsu. Nan ne mazaunin Sarauniya, shugabar Azna.

Baƙo yakan zo yana neman fada mai soraye. Ba zai gan ta ba. Ɗakin Sarauniya na ciyawa ne, irin wanda kakanninmu suka kwana ciki. A ciki take zaune, ba ta yawo, mutane ne ke zuwa wurinta.

A watan Afirilu na 1899, sojojin Faransa na Bule da Shanuwan, waɗanda suka ƙone garuruwa da yawa a hanyarsu, suka faɗa wa Lugu. Sarauniya Mangu da maharbanta suka yi musu tsayin daka, sannan suka shige daji. Da ƙura ta lafa, mutane suka komo suka sake kafa ɗakunansu. A 2006 gwamnatin Nijar ta miƙa sunan Lugu ga hukumar UNESCO, cikin wuraren tarihi da take so duniya ta kiyaye.

To, yaya ake kiyaye ɗakin ciyawa? Ba siminti ba ne da za a gina a manta. Sai an riƙa sabunta shi. Da kaka ake yankan gamba, a saƙa zana don bango. A saro sandunan geza ko sabara, a haɗa kawunansu sama, a zagaye su da tanka, a ɗaure tamau. Shibci kuwa sai an yanta shi da igiya tukuna. Mai baibaya yana farawa daga ƙasa ya yi sama, kowane layi ya rufe kan na ƙasa da shi, don ruwa ya gangare. Jinka in ta kwanta da yawa, yoyo za ta yi. Ƙarshe a ɗaure ƙoƙuwa, nan ake gane gwani. Kuma da bazara, wanda ya kwana ƙarƙashin kwano ya san bambanci.

Abokan gabansa gara da gobara. Amma yanzu akwai na uku: rashin ciyawar kanta. Gonaki sun cinye saura, wutar daji tana cin abin da ya rage, dabbobi kuma suna son gamba tun tana ɗanya. Zana ta zama abin saye a kasuwa.

Manoman da suka bar gamba a iyakar gona ba su yi asara ba. Tana tare iska da rairayi, saiwarta tana riƙe ƙasa, kuma ba a shuka ta kowace shekara. In an yanke ta aka bar gindin, da ruwan farko za ta toho. Mai son ƙara ta, ya raba gindi ɗaya gida-gida, ya dasa cikin damina.