Tsakanin Harshe da Haƙori

Hausawa kan ce ko tsakanin harshe da haƙori ana saɓawa. Na daɗe ina jin wannan karin magana, amma ban san zurfinta ba sai shekarar da na gama sakandare, sa'ad da mahaifiyata ta tura ni wurin ƙanenta a Kano don kada zaman banza ya lalata ni. Shi Kawun nawa likitan haƙori ne, yana da ɗan asibitinsa mai kujera ɗaya tak. Aikina shi ne rubuta sunayen marasa lafiya da karɓar kuɗin kati.

Can ƙarshen layinmu akwai wani asibitin irin namu, na wani likita Bazazzagi. Tare suka yi karatu da Kawu a Jami'ar Legas, inda aka fara koyar da likitancin haƙori a Nijeriya a 1966. Shekara 6 suna ɗaki ɗaya, suna cin tukunya ɗaya. Amma wanda ya ji yadda suke magana da juna sai ya rantse akwai tsohuwar gaba. To, mai karatu ya san wasan Kanawa da Zazzagawa. Kawu ba ya kiransa da kome sai "bawana", shi kuwa ya ce, "Bakano, yau bakin wa ka ɓata?"

Kowace Juma'a bayan Isha'i sukan taru, su biyar ko shida, duk masu sana'a ɗaya, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan babbansu. A nan ake baje kolin aikin mako. Wannan ya kawo hoton cikon da ya yi wa kogon haƙori, wancan ya nuna haƙoran roba da ya haɗa wa wata tsohuwa, a yi ta kushewa ana dariya. Suna da doka guda: duk wanda saiwar haƙori ta karye masa wajen cirewa a wannan mako, shi zai sayi tsire. Ba mai duba littafin wani, kowa da bakinsa yake faɗa. A wurin nan na koyi cewa haƙoran babba 32 ne, na yaro 20, kuma turmin ƙasa galibi saiwa biyu gare shi, na sama uku.

Ni dai, da ƙuruciya da son Kawu, sai na ɗauki wasan nan da gaske. Wata rana wani dattijo ya tambaye ni ko Bazazzagin nan ya iya aiki, don an ce ya fi mu sauƙin kuɗi. Na ce, "Baba, ai hannunsa nauyi gare shi." Ashe Kawu na ji daga ciki. Da aka tashi ya kira ni, fuska ba walwala, ya ce, "Kai yaro, ka taɓa ganin aikinsa?" Na ce a'a. Ya ce, "To, ni da na gani ni ke da ikon tsokanarsa, kuma a gabansa. Gobe ka je ka gaishe shi." Na tafi ina gunaguni a zuci, ina cewa ai taimakonsa na yi.

Ba a yi wata guda ba sai ga wata mata, mijinta ya kawo ta daga ƙauye, kunci ya kumbura, ta kwana uku ba barci. Turmin ƙarshe ne na ƙasa, irin wanda kan fito bayan mutum ya balaga, ya kwanta a karkace cikin ƙashi. Kawu ya ba ta magani har kumburin ya saɓe, ranar da ta dawo ya yi mata allurar kashe zafi ya kama aiki. Can sai na ji ƙas! Kan haƙorin ya fito, saiwa ta tsaya a ciki. Abin tsoron shi ne, a cikin muƙamuƙin ƙasa akwai wata jijiya da ke kai ji ga leɓen ƙasa da haɓa, hoto kuwa ya nuna saiwar na dab da ita. In aka ji mata rauni, mutum na iya daɗewa leɓensa a mace, wani ma har iyakar ransa.

Na ga gumi ya keto wa Kawu. Ya yi shiru yana duban hoton, sa'an nan ya ajiye awartakinsa ya ce mini, "Ruga ka kira mini bawana. Ka ce ya bar abin da yake yi." Wallahi ƙafata ta yi nauyi. A ganina mun faɗi ke nan, gobe duk layi za a ji.

Bazazzagi bai tambaye ni kome ba, ya ba mutanen da ke jiransa haƙuri, ya biyo ni. Da shigarsa ya gai da matar, ya ce wa mijin, "Malam, kwantar da hankalinka. Irin wannan aiki dama mu biyu muke yinsa." Ya wanke hannu, ya ɗaga dasashi, ya ɗan rage ƙashin da ya rufe saiwar, ya raba ta biyu, ya zaro su ɗaya bayan ɗaya, Kawu na riƙe masa da abin tsotse jini kamar ɗalibi. Hannun da na ce yana da nauyi, ban taɓa ganin mai taushinsa ba. Da mijin ya miƙa masa kuɗi ya ce a kai wa mai asibiti. Bayan mako guda matar ta dawo cire zare, leɓenta lafiya lau.

Ran Juma'a kuwa, ina! Tun kafin Kawu ya zauna Bazazzagi ya tashi yana kwaikwayon yadda ya same shi, wai Bakano ya jiƙe sharkaf kamar kazar da ta faɗa randa. Aka yi ta dariya har da hawaye, Kawu ya sayi tsire ninki biyu. Daga nan aka ɗauko hoton, aka haska fitila, suka shafe sa'a guda suna tattauna inda ya kamata a fara yanka. Maganar ba ta taɓa fita daga tabarmar nan ba, sai yau da na nemi izininsu na rubuta.

A hanyarmu ta komawa gida na tambayi Kawu ko bai ji kunya ba. Ya ce, "Kunyar tsire ta dare ɗaya ce. Leɓen matar nan fa? Mu nawa ne a ƙasar nan da za mu yi gaba? Yana tsere da ni don in ƙara ƙwarewa, ni ma haka. Ran da na kasa kiransa, ran nan na zama abin tsoro ga mai ciwo."

Na tuna da wannan magana da na zo jami'a, na ga yadda waninmu kan ɓoye littafi a laburare don kada ɗan ajinsu ya samu. Tsere ba laifi ba ne, 'yan'uwa, ni ma ina son in zo na ɗaya. Sai dai kowa ya tambayi kansa, in aiki ya cije masa, wa zai iya aikawa a kira? Harshe da haƙori suna saɓawa, amma tuwo ɗaya suke ci. Allah Ya ba mu abokan tsere irin na Kawu, amin.