Abin da hanyar Madawa zuwa Keita ta koya mini

Kwarin Majiya yana cikin ƙasar Adar, a jahar Tawa ta Nijar. Ruwansa na tasowa daga duwatsun gefen Buza, ya gangara ta wajen Kwanni, ya tsallaka iyaka ya zube a tafkin Kalmalo kusa da Illela ta jihar Sakkwato. Na bi garuruwan wannan yanki daga Madawa zuwa Buza, na ratse Deule, na ƙarasa Keita. Ba fatauci ya kai ni ba, ba biki ba, kallo ne kawai, abin da 'yan uwana suka ɗauka alamar kuɗi sun yi mini yawa ko aiki ya yi mini kaɗan.

1. Gulbin taswira ba ya jiƙa ƙafa. A takarda Majiya shuɗin zare ce, garuruwa jere a bakinta. Da wannan hoton na taso cikin rani, har ina tunanin inda zan ci soyayyen kifi. Abin da na tarar yashi ne fari, jakuna na ratsa shi. Na tambayi wani dattijo ina gulbin yake. Ya nuna ƙasan takalmina, ya ce, "Ɗana, ai bisa shi kake tsaye." Sai daga baya idona ya buɗe. Ruwan bai tafi ko'ina ba, ƙasa ya shige. Mata na tona yashin kamu kaɗan su ɗebo na sha, a fadama kuma rijiyoyi marasa zurfi ke ciyar da garake: albasa, tumatir, tattasai, kabeji.

2. In kori ya kawo, mai gaggawa ma zama yake. Na koma cikin watan Agusta don in ga ruwan, na kuwa gan shi fiye da yadda na roƙa. Ko ɗigo bai sauka inda muke ba, amma hadari ya zuba a kan tudu, sai ga kori ya cika ya yanke hanya, ruwa ja wur yana tafe da kututture. Direba ya kashe mota ya nemi inuwa. Ni ne na dinga mita, ina cewa ai bai kai gwiwa ba. Yaron mota ya ce, "Alhaji, ba zurfinsa ke kisa ba, ƙarfinsa." Ya kafa kara a bakin ruwan, kowa ya zauna yana duban yadda ruwa ke ja baya daga karan. Dalilin a fili yake ga wanda ya hau tudun: saman dutse ne da jar tsakuwa, ruwa ba ya samun wurin nutsewa, duk abin da sama ta zubar sai ya taru ya afka kwari lokaci ɗaya. Kafin mu tsallaka, mai shayi ya hura wuta, samari suna ɗaukar babura a kafaɗa ana biyansu, ni kuma na riga na san sunan ƙauyen kowa a motar.

3. Inuwar da ka yaba, wani ne ya yi mata ban ruwa. Wajen Garadume na ga layukan dogon yaro sun miƙe tsakiyar gonakin gero, biyu-biyu, iya ganinka. Na ce, "Ikon Allah, dubi daji!" Wani malamin makaranta da ke kusa da ni ya yi dariya har da tafi. Wane daji ne yake tsirowa a layi? Bayan farin shekarun 1970, iskar hunturu da ta farkon damina ta riƙa kwashe ƙasar noma tana binne shuka. A 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE da mutanen ƙauyukan suka fara dasa waɗannan layuka, tsakanin layi da layi kamar mita 100, don su karya iska. An yi shekaru ana gadinsu kada awaki su cinye. Yau suna tare iska, ana kuma sassabe rassansu a samu itacen girki da na rufin ɗaki.

A Keita abin ya fi haka girma. A 1984, shekarar yunwar da mutanen nan ke kira El Buhari, aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya, tare da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na noma da na abinci. An haƙa ramuka a jikin duwatsu don su riƙe ruwa, an jera duwatsu a gangare, an gina madatsun ruwa, an dasa miliyoyin itatuwa. Ladan aikin abinci ne, kuma yawancin masu ɗaukar dutsen mata ne, don maza sun tafi neman abin da za su aiko. Ba duka ya ɗore ba. Na ga madatsar da yashi ya cike, na ga wadda ruwa ya fasa. Amma na tsaya ina ɗaukar hoton wani koren gangare, wata tsohuwa mai tallar fura ta ce, "Wannan dutsen da kake so, da kaina na ɗauke shi, da goyo a bayana." Ban sami abin cewa ba, sai na sayi fura fiye da cikina.

4. Ba kowane shiru ne kwanciyar hankali ba. A Deule na yaba wa mai masaukina shirun garinsu, na ce ni da za a bar ni nan da na huta da hayaniyar birni. Ya dube ni, ya fara lissafa 'ya'yansa da yatsu: ɗaya Abijan, ɗaya Legas, ɗaya Libiya, wannan na ƙarshen an kwana biyu ba a ji muryarsa ba. Adarawa sun daɗe da sanin cin rani. Ana gama girbi samari ke ɗaure kaya, gari ya rage tsofaffi da mata da yara, sai damina ta gabato a fara duban hanya.

5. Mai rudu ke yanka wa albasa kuɗi. Na so in nuna ni ma ɗan kasuwa ne. A Madawa, lokacin da ake cire albasa, na matsa wa wani manomi har ya sallama mini buhu a farashin da na yi ta alfahari da shi. Irin nan ce ja mai ruwan hoda da aka sani da sunan Galmi, wadda manyan motoci ke kaiwa Gana da Kwaddibuwa. Ashe ba iya ciniki na yi ba. Lokacin cira kowa na da ita, bashin taki da na man inji na jiran manomi, dole ya sayar. Wanda ke da hali yakan zuba tasa a rudu, wato rumbun kara da iska ke ratsawa, ya jira ta yi wuya, ko da wani kaso zai ruɓe. Da na dawo da damina na leƙa kasuwar, kuɗin buhun ya ninka har na kasa taya shi. Kilishin Madawa da tabarmar kaba na saya, kuma ko a nan sai da na tsinci kaina ina neman ragi.