Wuƙar Will da Harshen Kakata

A lokacin yajin aikin malaman jami'o'i na shekarar 2022, wanda ya zaunar da mu a gida har wata takwas, na sayi wasu tsofaffin littattafai guda uku a wurin wani mai gwanjo a bakin tashar garinmu, Shagamu. Niyyata in rage zaman banza ne kawai. Ashe abin da zai hana ni barci na sayo.

Littattafan na wani marubucin Ingila ne mai suna Philip Pullman, kuma labari ɗaya ne ya kasa shi uku. Na farko, Northern Lights, ya fito a 1995, sai The Subtle Knife a 1997, sannan The Amber Spyglass a 2000. Idan an haɗa su ana kiransu His Dark Materials. A cikin labarin, duniyoyi ne masu yawa jere kusa da juna kamar shafukan littafi, amma mutanen wannan ba su ganin na waccan. Lyra yarinya ce da ta tashi a birnin Oxford, sai dai ba Oxford ɗin da muka sani ba. A duniyarta ran kowane mutum yana waje da jikinsa cikin siffar dabba, yana tafiya tare da shi, yana yi masa magana. Na yara yakan yi ta sauya siffa, sai sun balaga ya tsaya a kan guda. Shi kuwa Will yaro ne daga irin duniyarmu, wanda ya mallaki wata wuƙa da ke yanka taga a cikin iska, a ƙetara zuwa wata duniya.

Da yake ni ɗalibin Hausa ne, tun daga shafin farko na shiga tunanin yadda zan fassara wannan dabba da Pullman ya kira daemon. Na fara cewa aljani, amma bai zauna ba, domin aljani wani ne daban, ba kai ba ne. Wata rana ina ba wata tsohuwa mai fura labarin a Sabo, na kai inda mugaye suke sace yara su kai su can ƙurewar arewa su raba su da dabbobinsu, sai ta yi tsaki ta ce, "Haba ɗana, ai waɗannan mayu ne, kurwar yaran suke kamawa." Nan take na samu kalmar da na yi mako biyu ina nema. Gaskiyar masu iya magana, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Ƙetarawa zuwa wata duniya ba baƙon abu ba ne a adabin Hausa. Duk wanda ya karanta Ganɗoki na Bello Kagara ya san yadda jarumin ya shiga ƙasar aljannu ya dawo yana ba da labari. Bambancin shi ne a wurin Pullman tafiyar ba kyauta ba ce, sai an biya. Ba zan kuma ɓoye wa mai karatu ba, littattafan suna sukar hukumar addini ƙwarai, kuma akwai wurare da dama da ban yarda da marubucin ba ko kaɗan. Wanda zai karanta ya shiga da idonsa a buɗe.

Amma abin da ya girgiza ni shi ne ƙarshen labarin. Lyra da Will sun so juna, sai suka gane cewa mutum ba ya daɗewa a duniyar da ba tasa ba. Sannu a hankali zai yi ta ciwo har ya mutu, kamar yadda ciwon ya kama mahaifin Will. Tagogin da aka yanka kuwa ɓarna suke jawowa, dole a rufe su. Saboda haka kowa ya koma duniyarsa, da alkawarin cewa sau ɗaya a shekara, a tsakiyar bazararsu, kowannensu zai zauna a kan benci guda a lambun itatuwa na Oxford, suna wuri ɗaya amma ba su ganin juna.

Da na rufe littafin sai na ga kaina. Ni Bayarabe ne. A Sabo na tsinci Hausa ina ƙarami, wurin bin mahaifiyata kasuwar goro. Na sha dariya kafin in bambanta "baki" da "baƙi", ko in daina ce wa mace "ya zo", tun da Yarabanci bai raba namiji da mace a wakilin suna. Har yau idan na yi magana akan ce, "Ka iya Hausa, amma ta littafi ce." A gida kuma, cikin wancan zaman yajin aiki, kakata ta fara wani karin magana na Yarabanci ta tsaya don in ƙarasa, na yi shiru, domin na Hausa ne ya zo bakina. Ta dube ni ta ce, "To, ka zama ɗan Gambari ke nan." Da wasa ta faɗa, amma ban ci abinci ba a daren. Na tambayi kaina, shin ni ma zan rasa duniyata ne ba tare da na zama ɗan gida a ɗayar ba?

Na daɗe ina juya wannan tambaya. Abin da na tsaya a kai shi ne Pullman ya yi gaskiya a rabi. Duk wanda ya shiga wani harshe da gaske sai ya biya wani abu. Amma harshe ba ya tilasta wa mutum rufe taga. Sakaci ne ke rufe ta. Tun daga lokacin, duk ranar Lahadi da yamma nakan kira kakata ta ba ni tatsuniya ɗaya ta kunkuru, in rubuta ta da Yarabanci, sannan in mayar da ita Hausa. Yanzu ina da littafin rubutu guda cike. A nan ne na lura cewa kunkurun Yarabawa da gizon Hausawa kusan halinsu ɗaya, wayo da haɗama.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda Hausa ba harshen uwa ba ne a gare mu, da mu riƙe ta hannu biyu, amma kada mu bar tsofaffinmu su tafi da abin da ke bakinsu. Lyra da Will ba su da zaɓi, mu muna da shi. Allah ya sa mu dace.