Sulusin Kaka

Mahaifinmu ya rasu a 2003, ya bar mu mu huɗu, kakanmu kuwa yana raye. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san hukuncin: a mazhabar Malikiyya, jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa ba ya cin gado muddin akwai baffa a raye. Baffanninmu biyu ne, ga kuma gwaggo. Gandun gidan yana bakin Gulbin Kaba, a ƙasar Mayahi.

Wata rana bayan la'asar Kaka ya aika na kira liman da dattawa biyu. Ya ce, "Malam, rubuta. Gonar fadama ta marayun nan ce bayan raina." Liman ya rubuta da ajami, ya karanta wa shaidu, ya naɗe takardar ya sa a gafakarsa.

Sai ga yunwar 2005, bayan fari da fara sun cinye damina. Kaka ya jinginar da gonar tudu ga wani ɗan kasuwar Tasawa, ya sayar da wata, muka ci gero. Ya sake kiran liman aka ƙara layi biyu: a fanshi gonar jingina kafin a raba ko taku ɗaya. Maganar fadama kuwa ya bar ta yadda take.

Ya rasu a 2008. Bayan sadakar arba'in aka zauna rabo, nan baffanmu babba ya ce bai san zancen ba. Wai tsoho ya yi magana cikin ciwo, kuma takardar ba ta da hatimi. Mai gari ya yi iya yinsa, abin ya faskara, aka ɗunguma fadar Mayahi. A Nijar sarakuna sulhu suke yi. In ya ƙi sai kotu, inda alƙali ke zama da masana al'ada, don doka ta bar gado da wasiyya a hannun al'adar masu shari'ar. Ba wanda ya so a kai can.

Shaidu suka faɗi abin da suka ji, wasiyya ta tsaya. Amma malamin fada ya ce a fitar da bashi tukuna, sannan a auna. Da aka ja igiya, fadamar ta haura sulusin abin da ya rage, don dukiyar 2008 ba ta kai ta 2003 ba. Abin da ya haura sulusi kuwa sai da yardar magada.

Gwaggo ce ta fara magana. "Yaya, ni dai nawa na bar musu. Ƴaƴan ɗan'uwanmu ne." Baffa ƙarami ya bi bayanta. Babban ya ce a yanka masa nasa, aka yanka masa ta gabas, aka dasa gamba a iyaka. Haƙƙinsa ne, ba wanda ya ce masa uffan.

Daga baya muka yi wa gonar takarda a wurin Kofo, kwamitin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa. Tun daga shari'ar nan, dattijon garinmu da zai yi wasiyya yakan sa a auna gonakinsa kafin ya kira liman, in kuma ya sayar ko ya jinginar da wata, ya sa a sake awo.