Do, Re, Mi a Nkomkana

Ranar da aka ba da hutun ƙarshen shekara, ɗan yayana ya same ni a ɗakina a Nkomkana riƙe da takardu uku. Saura masa shekara guda ya zana bakaloriya, kuma ya riga ya ƙulla a ransa cewa kiɗa zai karanta a jami'a. Idonsa na kan Nsukka a Najeriya, inda aka buɗe sashen kiɗa tun 1961. Ya ce, "Baffa, kai ne ɗan rediyo, zaɓa mini inda zan yi hutun nan."

Ni dai sa waƙa nake yi a rediyo, ban san inda do ta tsaya re ta tashi ba. Amma an ce Baffa, dole in duba.

Takarda ta farko ta wani situdiyo ce, mai alkawarin fitar da waƙa da bidiyo cikin wata ɗaya. Ban ko gama karantawa ba na ajiye ta. Bara na biya masa jaka 40 a irin wannan wuri, ya dawo da waƙar da kwamfuta ta gyara masa murya har ni ban gane shi ba, bai kuma ƙaru da komai ba. Ta biyu bayani ne kan cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai. Ta burge ni, sai dai kuɗin mota daga Yawunde kaɗai ya kashe maganar.

Ta ukun ce ta hana ni barci. Ajin solfej ne, wato koyon karanta kiɗa a rubuce da gane sauti da kunne, kuma a zauren coci ake yin sa. Abin da masu tantance ɗalibai ke nema ke nan: a miƙa maka takarda ka rera, a taɓa fiyano ka maimaita. A garin nan kuwa, yawancin waɗanda suka iya wannan daga ƙungiyar mawaƙan coci suka fito. Shi kansa Manu Dibango mahaifiyarsa ce ta riƙa jagorantar mawaƙan coci a Duwala a lokacin ƙuruciyarsa. Mu a Briketeri da kunne muke gadon kiɗa, ba da alƙalami ba.

Da na kai wa Yaya maganar, ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Roƙon bai ishe shi ba, sai ka haɗa masa da coci?" Ban ga laifinsa ba ƙwarai. Mutanenmu sa liƙa wa makaɗi kuɗi a goshi ranar biki, washegari ya zo neman 'yarsu su ce ba gidan ba. Na ce, "Yaya, yaron nan tun yana shekara 9 yake bin makaɗa. In ba mu nuna masa ƙofa ba, katanga zai haura."

Kwana biyu bai ce mini uffan ba. A na uku ya kafa sharaɗi: ba shiga coci, ba fashin Islamiyya.

Sai na nemi malamin solfej ɗin, wani dattijo Ewondo, ya yarda ya riƙa zuwa gidana sau uku a mako da ƙaramin fiyanonsa. Da yamma kuma yaron ya sauka Briketeri wurin wani tsohon makaɗin kalangu, don ina jin in ya tsaya gaban malaman jami'a, kalangun ne zai bambanta shi da masu fiyano goma. Ranar Asabar Turanci, tunda a Nsukka ba a jin Faransanci.

A mako na shida malamin ya sa shi ya rubuta wani taken kalangu a kan layuka biyar ɗin nan. Ya kwana yana fama, domin kalangu magana yake yi, sautinsa na zamewa tsakanin baƙaƙen. Ya kai wa tsohon takardar yana murna. Tsoho ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce, "To, kaɗa mini ita in ji." Ya kaɗa. Tsoho ya ce saura.

Har yau Yaya bai ce e ko a'a kan Nsukka ba. Amma shekaranjiya ana darasi na hango takalmansa a bakin ƙofa, bai shigo ba, bai kuma tafi ba sai da aka kira la'asar.